Kafin A Yi Wa Haziƙin Ɗalibi Tafi, A Duba Kayan Da Ke Kan Malaminsa

Duk sanda wata jami'a ta yaye ɗalibai, abin da ke fara yawo a Facebook da WhatsApp shi ne adadin waɗanda suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Idan aka yi sa'a ɗan ƙauye na ciki, har zaure ake zuwa yi wa mahaifinsa barka, kuma ya cancanta. A wajen irin wannan barka ne, a wani gari na ƙasar Haɗeja, na ji wani ɗan boko da ake ganin girmansa yana cewa: "Ai irin yaran nan ko babu malami za su ci. Wahalar malami ta daƙiƙai ce." Jama'a suka gyaɗa kai, aka ci gaba da hira.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin a kanta ake tafiyar da jami'o'inmu, ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Ra'ayina shi ne: idan ana so a koyar da haziƙin ɗalibi yadda ya kamata, ya fi kowa cin lokacin malami. Saboda haka jami'ar da ke da niyyar kula da haziƙanta ta fara da malamin. A rage masa kaya, a ƙirga masa aikin wajen ƙarin girma, a koya masa riƙon ƙaramin aji, a ba shi kuɗin aiki a kan kari. Kyautar kwamfuta da ambulan ranar biki ba za ta maye gurbin ko ɗaya daga ciki ba.

A Amurka jami'o'i da dama suna da tsari na musamman don irin waɗannan ɗalibai: aji ƙarami, karatu mai zurfi, da bincike a hannun malami guda. Mu ma a matakin sakandare abin ba baƙo ba ne. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, Jigawa kuma tana da makarantar haziƙai a Bamaina. Yau ga jami'o'i sun zo har ƙofar gida, a Wudil da Dutse da Kafin Hausa da Ɓaɓura. Amma tsarin jami'a a ƙasar nan galibi bai tanadi komai na daban ba ga yaron da aka sha wahalar zaɓowa aka rena.

"Ko babu malami zai ci"

Jarrabawa kam zai ci. Me ya koya, nan ne zancen yake.

Malamin da ke da ɗalibai 300 dole ya tsara jarrabawar da zai iya dubawa kafin wa'adin miƙa sakamako. Sai tambayoyin su koma "lissafo", "faɗi ma'anar", "kawo biyar daga ciki". Yaro mai kaifin hadda, musamman wanda ya taso da allo, cikin dare biyu zai haɗiye handawut ɗin, ya je ya juye, ya samu A. Haka zai yi shekara uku. Ya iso aji huɗu da maki mai kyau, alhali bai taɓa zama ya rubuta shafi biyar na hujjar kansa ba, ba a taɓa mayar masa da takarda da jan biro an ce "nan ka yi tsalle, ina dalilinka?" ba. Ranar da aka ce ya kawo batun furojet sai ido ya raina fata, ya nufi shagon kwamfuta na bakin geti inda ake sayar da tsofaffin kundaye.

A lura da ƙarshen lacca. Akwai ɗalibin da ke bin malam har wajen mota da littafi a buɗe, yatsansa a kan layi guda. Malam ya ce, "Ka same ni a ofis." Ya je ya tarar da layin masu matsalar rajista da masu cigiyar sakamakon da bai fito ba. Ya tsaya, ya gaji, ya juya. Sau biyu ko uku ya isa ya daina tambaya har ya gama makarantar.

Makarantar allo ba ta yin wannan kuskure. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya riƙe karatunsa ya biya, ya wanke, a yi masa ƙari, ba a cewa ya jira na kusa da shi. Alaramma ya sani cewa mai saurin ɗauka shi ya fi yawan dawowa gabansa. Manomin rani a Kadawa ma ya san haka: ingantaccen iri ya fi cin taki da ruwa, idan ka yi masa rowa sai ya ba ka abin da na gida zai ba ka, ka yi asarar kuɗin irin.

Lissafin awanni

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa ma'auni: malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa da shari'a, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci da aikin gona, ɗaya ga 10 a likitanci. Wannan lissafin sashe ne gaba ɗaya. A kwasa-kwasan da kowa ke ɗauka a aji ɗaya da aji biyu, malami guda kan tsaya gaban ɗaruruwa.

Mu buga lissafi. Takarda 300, kowace minti goma, awa 50 ke nan a jarrabawa guda. Ba a sa gwajin tsakiyar zango ba, ba a sa haɗa maki da shigar da shi ba. Mai irin wannan kwas har uku ya tashi da awa 150.

Yanzu a ɗora masa ajin haziƙai na mutum 15. Kowa ya rubuta shafi biyar duk mako biyu, malam ya ba kowace takarda rabin awa: awa 15 a wata. Ganawa da kowane ɗalibi shi kaɗai, minti 20 a wata: awa biyar. Zaman aji awa biyu a mako: awa takwas. Shiri kafin kowane zama, a ce awa huɗu, tunda ba tsohon bayanin bara za a maimaita ba: awa 16. Jimilla awa 44 a wata, wato awa 11 a mako.

Daga ina za su fito? Da yawa daga malaman jami'o'in karkara iyalansu na Kano ko Dutse, suna zuwa kwana biyu ko uku su cusa laccocinsu su koma. Wasu kuma na ziyara ne, aro daga tsofaffin jami'o'i. Wanda ya ce wa irin wannan malami "ka ƙara ƙoƙari don Allah" bai ba shi komai ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da za a yi wa malamin

Na farko, kuma shi ne uwa uba, a rubuta ajin haziƙai cikin takardar rabon kwasa-kwasai ta sashe a matsayin cikakken kwas. Wanda aka ba shi a cire masa babban kwas guda, ko a haɗa shi da ƙaramin malami mai taya shi duba takardun babban ajin. Idan aka ba shi a matsayin ƙari, abin da zai faru sananne ne. Mako na farko da na biyu ana ɗoki. A mako na shida gwajin manyan azuzuwa ya zo, a ɗage zaman haziƙai sau ɗaya, a sake ɗagewa, ya mutu ba tare da wani ya ce an kashe shi ba.

Malamai biyu za a ba kowane aji. Ɗaya ya yi tafiya ko ya tafi karatu, ɗaya na nan. A kuma sa zaman a ranar da duka biyun ke gari.

Sai ƙarin girma. Daga ƙaramin lakcara zuwa farfesa, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne yawan maƙalun da aka wallafa. Malamin da ya ba da awa 11 a mako ga ɗalibai ya rasa lokacin rubuta nasa, abokin aikinsa da ya kulle ofis ya wuce shi. Kwamitin ƙarin girma ya ware maki bayyananne don wannan aiki, da shaidar da za a iya taɓawa: fayil ɗin takardun da ya gyara, jadawalin zama da sa hannun ɗalibai, da duk maƙalar da ta fito daga ajin. A sa ƙa'ida tun farko cewa idan ɗalibi ne ya yi aikin, sunansa ne a gaba. Ban raina alawus ba, amma kada a gina tsarin a kansa. Yarjejeniyar gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta 2009 ta amince da alawus na aikin da ya wuce kima, kuma kowa ya ga yadda aka shafe shekaru ana bin bashinsa. Maki a takardar ƙarin girma ba ya jiran a saki kuɗi daga Abuja.

Horo kuma, nan ne aka fi yin sakaci. Digiri na uku yana koya wa mutum bincike, ba ya koya masa yadda zai riƙe mutum 15 suna muhawara. Malamin da ya saba da lasifika, idan aka ba shi ƙaramin aji, lacca zai yi musu da ƙaramar murya. Kwana uku kafin a buɗe zango sun isa a fara, a cikin jami'ar, ba sai an kama otal ba. Ga irin abin da za a koya a aikace:

Kada malam ya yi magana fiye da minti 15 a jere. Idan ya yi tambaya ya ƙirga goma a zuci kafin ya amsa da kansa, domin yaron da aka rena da cewa musu da babba rashin kunya ne ba zai yi saurin buɗe baki ba. A fito a gaya musu cewa a wannan ɗakin "Malam, ban gamsu ba" ladabi ne, muddin hujja na biye. Takarda ta dawo cikin mako guda da gyara uku manya, kada a cika ta da jan biro har ɗalibi ya rasa inda zai kama. Sannan ya sake rubutawa ya dawo da ita, don a sake rubutun ne ake koyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara yawa maimakon zurfi. Sauran ɗalibai sun yi tambaya goma, a ba haziƙi talatin iri ɗaya. Wannan horo ne na mai laifi, kuma yaran za su gudu. A ba shi tambaya guda wadda amsarta ba ta bayan littafi.

Akwai kuma batun Turanci. Ɗalibi daga makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye yana iya zuwa da tunani mai kaifi cikin Turanci mai rauni. A raba makin gida biyu, na hujja daban, na harshe daban, don ya san inda ciwonsa yake. Idan ya sarƙe a muhawara, a bar shi ya warware da Hausa, sannan ya rubuta da Turanci. Bayan horon, malaman biyu su riƙa zama a ajin juna sau biyu a zango, su gaya wa juna gaskiya a bayan fage.

Kuɗin aiki ba mai yawa ba ne: man mota na fita fili sau biyu, sinadaran gwaji, buga takardu, data, da ɗaki guda mai sola da fanka da teburin da za a zauna a zagaye. Abin da ke kashe shi jinkiri ne. Ɗalibin da zai gwada iri uku na gero dole ya shuka da faɗuwar damina, a Yuni ko Yuli. Kuɗin da ya fito a Nuwamba ya zo bayan an ɗaure dami. A sa kuɗin a hannun sashe kafin zango ya fara, malam ya kashe ya kawo rasit. Idan ya saba yi daga aljihunsa yana jiran a biya shi, shekara ta biyu ba zai karɓi ajin ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

"Wannan wariya ce"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma tana da gaskiya a ciki. Idan aka zaɓi ɗalibai da makin JAMB kaɗai, 'ya'yan birni da suka yi makarantun kuɗi ne za su cika ajin. Jarrabawa ce ta kwamfuta, ga kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura mako guda.

Maganinsa a jinkirta zaɓen zuwa ƙarshen aji ɗaya, bayan kowa ya zauna a benci guda ya ji malami guda. A duba sakamakon shekarar, a ba su rubutu na awa biyu a kan matsalar da ba a koyar ba, a sa lamba a maimakon suna, mutum uku su duba. A bar ƙofa ta biyu a ƙarshen aji biyu, saboda masu shigowa kai tsaye da NCE ko difloma ko karatun share fage na IJMB, da wanda ya yi jinkirin farkawa. Wanda ya daina zuwa ko ya daina rubutu ya ba wani wuri.

A kula da 'yan mata. Zaman da aka sa bayan magariba ya kori duk wadda ke zaune a cikin gari ko take da aure. A yi shi da hantsi ko tsakanin azahar da la'asar. Ganawar malami da ɗalibi a yi ta a ɗakin ajin, ƙofa a buɗe, cikin lokacin da aka rubuta a jadawali. Wannan kariya ce ga ɗaliba, kariya ce kuma ga mutuncin malamin.

Masu rauni fa? Su ma za su amfana idan aka tsara. Ko yanzu haziƙan nan ne ke yi wa 'yan'uwansu tutoriyal a gindin bishiya da harabar masallaci. A mayar da shi sharaɗi: kowa ya ba 'yan aji ɗaya awa biyu a mako, malam yana duba abin da zai koyar. Gardi yana biya wa ƙolo, shi ma karatunsa na ƙara zama.

Tsoron faɗuwar maki

Ga wani abu da masu tsara irin wannan shiri ke mantawa. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50 cikin 5.00. Ɗauki ɗalibi mai jimillar maki 543 a kan yunit 120 (yunit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas); idan aka raba, 4.53 ke nan. Ya shiga kwas mai wuya na yunit uku ya samu C, maki tara. Ya koma 552 a kan 123, wato 4.49. Kwas guda ya fitar da shi daga darajar da ƙauyensu ke jira.

Yaran sun fi kowa iya wannan lissafi, don haka za su guje wa ajin. Malamin kuma zai shiga tsaka mai wuya: ya ba kowa A aikin ya zama wasa, ko ya faɗi gaskiya a ce ya karya yaro. A cire masa wannan nauyi. Majalisar malaman jami'a ta amince a rubuta kwas ɗin a takardar sakamako da "ya ci" ko "ya ci da yabo", ba tare da ya shiga lissafin jimilla ba, a haɗa da wasiƙar malam mai bayyana ainihin abin da ɗalibin ya yi. Irin wannan wasiƙa ce ake nema wajen gurbin digiri na biyu.

"Babu kuɗi, babu gurbi a manhaja"

Gurbi akwai. Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Kwas na yunit biyu zai shiga nan ba tare da an ture komai ba.

Abin nazari kuwa yana bakin ƙofa. Ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja. Ambaliyar da ke cin gonakin Auyo da Miga da Ringim. Tsutsar da ta cinye tumatir a Kano a 2016. Dabinon Dutse, inda akwai tashar bincike a kansa. Yadda farashin riɗi da zoɓorodo ke canzawa daga hannun manomi zuwa Dawanau, da cinikin dabbobi a Maigatari. Ga ɗaliban harshe da tarihi, rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafakar malaman zaure. Ɗan ƙauye a nan yana da abin da ɗan birni ba shi da shi: ya san wanda zai gaisar kafin ya shiga gona, kuma manomi zai gaya masa gaskiya.

Kuɗi kuma, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund tana da tallafin binciken cikin jami'a da na horar da malamai. Jami'a na iya sa sharaɗin kanta cewa duk malamin da ta tura sunansa neman tallafin bincike ya ɗauki ɗalibai biyu daga wannan aji su yi aikin tare. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran da ke ba da kyautar mota ko kujerar Makka ranar biki, a roƙe su su ɗauki nauyin ɗakin da man fita fili na shekara uku, a rubuce.

Masu cewa za mu rena su ne su gudu waje, wasu za su tafi, babu musu. Amma sababbin jami'o'in nan daga ina za su samu malaman gobe? Ɗan Gumel ko Gaya ko Birnin Kudu da ya ɗanɗani bincike tun yana aji biyu, iyayensa kuma na kusa, ya fi sauƙin riƙewa a matsayin ƙaramin malami fiye da wanda za a ɗauko daga nesa.

Kada a fara da jami'a gaba ɗaya. Sashe ɗaya, ɗalibai 15, malamai biyu da suka nuna suna so, shekara guda. A tanadi jerin karatu da aikin gida da za a ci gaba da su ta waya idan aka rufe makaranta, domin yajin aikin 2022 ya ci wata takwas. A ajiye rubutun kowane ɗalibi na makon farko da na makon ƙarshe, a cire sunaye da kwanan wata, a miƙa wa malamin waje da ke zuwa duba jarrabawar sashen. Idan ya kasa bambance na farko da na ƙarshe, a zauna da malaman biyu a ji awa nawa aka ba su a zahiri, a gyara, kafin a buɗe wa sashe na biyu.